Daga Buɗe Fayil Layi-Layi Zuwa Tambayar Rumbu: Ƙaurar Bayanai da Yadda Take Taɓa Kankia da Kusada

Duk wanda ya taɓa zama a shagon mai sayar da taki a Kankia gab da faɗuwar damina ya san littafin nan mai kaurin bango da ake turawa ƙarƙashin kanta. Littafin bashi ne. Kowane manomi da shafinsa: suna a sama, ƙauye a gefe, sai buhunan da ya ɗauka, da abin da ya kawo bayan kaka, da abin da ya yi saura. Ka tambayi mai shago nawa yake bin wane, ba zai ɓata maka lokaci ba. Zai lashi yatsa, ya buɗe shafin, ya faɗa maka har da 'yar naira hamsin ɗin da ke kai.

To, sauya tambayar. Ce masa: cikin masu zuwa daga ƙauyukan Kusada, su wa suka ɗauki taki damina biyu a jere ba su gama biya ba, kuma kuɗin gaba ɗaya nawa ne? Nan zai dube ka, ya dubi littafin, ya ce ka dawo gobe. Amsar tana nan daram a ciki, ko harafi bai ɓata ba. Sai dai kafin ta fito, dole ya bi shafi-shafi tun daga bangon farko, ya ɗauko littafin bara ya gwama, yana lissafi a bayan kwali da fitilar waya bayan sallar isha'i.

Tazarar da ke tsakanin tambayoyin nan biyu ita ce bankuna da kamfanonin inshora da gwamnatoci suke kashe shekaru da maƙudan kuɗi wajen tsallakewa. Masu sana'ar kwamfuta suna kiran aikin ƙaurar da tsofaffin manhajoji daga karanta fayil layi-layi zuwa yi wa rumbun bayanai tambaya. Daga jin sunan, sai mutum ya ɗauka zancen 'yan boko ne a Legas ko Amurka. Alhali shi ne ke bayan dogon layin tantance ma'aikata a sakatariya, da ranakun da mai POS ke cewa babu sabis, da malamin firamaren da aka ce wa sunansa bai fito ba.

Gadon Baitulmali

Ajiye bayanai a rubuce ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, aka kafa Baitulmalin En'e a Katsina, daga nan tsarin ya bazu zuwa sauran masarautun Arewa. Da shi rajistar haraji da jangali ta kankama: mai unguwa ya ƙirga magidanta, dagaci ya haɗa, hakimi ya miƙa, malamin haraji ya rubuta suna bayan suna. An soke haraji da jangali bayan Balarabe Musa ya zama gwamnan tsohuwar jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta a lokacin, a 1979, amma salon aikin ya zauna da gindinsa.

Kankia, wadda ke kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma tun garambawul ɗin 1976, Kusada kuma ta samu tata daga baya. Sakatariyoyin biyu sun gaji kayan aiki iri ɗaya: fayil mai igiya, bauca, da doguwar takardar albashi. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum sama da dubu 150 a Kankia, kusan dubu 100 a Kusada, kuma da wuya ka samu wanda ba shi da layi a wata rajista, ko ta rigakafi, ko ta makaranta, ko ta zaɓe.

Da kwamfuta ta shigo ofisoshi a shekarun 1980 da 1990, akawu ta kwaikwaya. Manhajoji irin su dBASE da FoxPro, waɗanda aka gina tsarin albashi da na kanti masu yawa da su, suna aiki ne kamar mai takin nan: buɗe fayil, tsaya a layin farko, duba, yi lissafi, matsa gaba. Daga baya Excel ta mamaye ko'ina, kowane ofishi da fayil ɗinsa, kowane jami'i da kwafinsa a filashi. Sashen kuɗi na da jerin ma'aikata, sashen mulki na da nasa, hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma na da nata, kuma ba lalle ne ukun su zo daidai ba.

Kati bayan kati

A manyan kamfanonin duniya ma haka abin ya faro, da manyan injuna dai. Katin da IBM ta fito da shi a 1928, wanda ake huda wa ramuka, gurbi 80 gare shi kacal, kowane kati na ɗauke da bayanin abu ɗaya. Harshen COBOL da aka tsara a 1959, da tsaransa RPG na kamfanin IBM, sun gaji wannan ɗabi'a ta kati bayan kati. Injin AS/400 da IBM ta fitar a 1988 ya shiga dubban bankuna da masana'antu da manyan kantuna, har yau jikokinsa na aiki da sunan IBM i.

A ɗauki lissafin albashin wata. Tsohuwar manhaja za ta buɗe fayil ɗin ma'aikata, ta karanta mutum na farko. Ta ɗauki matakinsa, ta leƙa fayil ɗin ma'aunin albashi ta samo kuɗin matakin. Ta ɗauki lambarsa, ta leƙa fayil ɗin bashin ƙungiya ta ga ko akwai abin cirewa. Ta rubuta sakamako, sannan ta koma ta ɗauko mutum na biyu. A harshen RPG umarnin leƙawar nan sunansa CHAIN, na ɗauko na gaba kuma READ. Wanda ya rubuta manhajar shi ke tsara kowane taku, kamar mai aiken yaro yana faɗa masa lungun da zai bi da ƙofar da zai yi sallama.

Kada a raina wannan hanya. Tana da sauri wajen ɗauko mutum ɗaya, kuma a wurare da yawa ta yi shekara talatin ko arba'in tana biyan albashi ba a ji kanta ba. Inda take gazawa uku ne. Kowace sabuwar tambaya sai an rubuta mata sabuwar manhaja. In aka ƙara gurbi ɗaya a fayil, a ce na lambar waya, sai an bi manhajojin da ke taɓa fayil ɗin an sake ɗaura su. Na ukun ya fi ciwo: dokokin aiki suna binne a cikin manhajar, waɗanda suka binne su kuwa sun yi ritaya ko sun riga mu gidan gaskiya. A watan Afrilun 2020, da annobar korona ta raba miliyoyin Amurkawa da ayyukansu, gwamnan jihar New Jersey, Phil Murphy, ya fito fili yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL, domin tsohon tsarin biyan tallafin marasa aiki ya kasa ɗaukar cunkoson.

Faɗi abin da kake so

A 1970 wani masanin lissafi ɗan Ingila da ke aiki da IBM a San Jose ta jihar Kalifoniya, Edgar Codd, ya wallafa maƙalar da ta sauya alƙiblar sana'ar. Shawararsa ita ce a zuba bayanai cikin jadawali-jadawali, kowane abu a rubuta shi sau ɗaya a wuri ɗaya, a haɗa jadawalan da lambar da ba ta maimaituwa. Mai tambaya ya faɗi abin da yake so kawai, ya bar wa inji neman hanya. Wasu ma'aikatan IBM biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka fito da harshen tambayar a 1974, shi ne ya zama SQL. Kamfanin da yanzu ake kira Oracle ya fara sayar da rumbu mai jin wannan harshe a 1979, sannan a 1986 aka yi wa harshen ƙa'ida ta bai-ɗaya a Amurka.

Da SQL, tambayar da ta hana mai taki barci jimla guda ce: kawo sunan kowane manomi da jimillar bashinsa, matuƙar ƙaramar hukumarsa Kusada ce kuma yana da saura a damina biyu. Babu buɗe shafi, babu matsa gaba. A cikin rumbun akwai sashen da ke auna hanyoyi ya zaɓi mafi kusa, yana dogaro da fihirisa kamar yadda ɗalibi ke gano babi ba tare da ya karanta littafin duka ba. Rumbun kuma yana iya riƙe doka da kansa. Zai ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu. Zai ƙi rubuta albashi ga lambar da babu ita a jadawalin ma'aikata. In aka cire kuɗi daga wani asusu, ko dai su shiga ɗayan, ko a mayar da komai yadda yake, ba a tsayawa rabi da rabi.

Amfanin bai tsaya ga sauri ba. Da can amsa tana hannun mai riƙe da fayil, in ya ga dama ya ce an kai shi teburin oga. Yanzu duk wanda aka ba izini yana iya tambaya. Wace lambar asusun banki ce ke karɓar albashin mutum fiye da ɗaya? Su wa takardunsu suka nuna an ɗauke su aiki suna da shekara goma sha biyu? Binciken da zai ci wa mai binciken kuɗi wata uku ya koma aikin 'yan mintoci. Shi ya sa ba kowa ke farin ciki da ƙaurar ba, kuma wani cikas ɗin da ake ɗora wa inji, hannun mutum ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Kwashe bayanai daga tsohon fayil zuwa sabon jadawali shi ne mafi sauƙi a aikin. Wahalar tana wasu wurare.

Akwai datti. Tsohon fayil ba ya musu, abin da aka ba shi yake haɗiyewa. Za ka tarar da ranar haihuwa 31 ga Fabrairu, ko sifili shida a inda akawu bai san kwanan wata ba, ko shekara da lamba biyu kawai, irin wadda ta jefa duniya cikin fargaba gab da shiga shekarar 2000. Tsohon fayil ba ya bambance wanda ba a binsa bashi da wanda ba a san bashinsa ba, duka sifili yake rubutawa. Sabon rumbu kuwa yana da tsantseni, zai tofar da duk layin da ya saɓa doka. Kowane layi da ya tofar, wani bawan Allah ne da albashinsa zai tsaya.

Akwai dokokin ɓoye. A misali, a can tsakiyar tsohuwar manhaja akwai wani ɗan umarni da ke cewa duk ma'aikacin da lambarsa ta fara da tara, kada a cire masa kuɗin gida. Babu takardar da ta bayyana dalili, sai dai a kan tsohon akawun da ya san cewa waɗannan su ne aka turo daga wata ma'aikata da sharaɗin haka. A bar wannan umarni a baya, sabon tsari zai yi lissafi daidai ya kuma zalunci mutane. Najeriya ta ga irin wannan a fili. Tsarin albashi na bai-ɗaya na gwamnatin tarayya, IPPIS, wanda aka fara a 2007, ya yi shekaru yana haɗa gwamnati da ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU faɗa. Cikin hujjojin malaman jami'a akwai cewa tsarin bai san da hutun bincike na shekara guda ba, da malamin da ke koyarwar ziyara a wata jami'ar, da shekarun ritayar farfesa da suka bambanta da na sauran ma'aikata. A Disamban 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin.

Akwai kuma kuskuren gwanaye su kansu. Wanda hannunsa ya saba da tsohuwar hanya yakan bi manhaja ya maye gurbin kowane CHAIN da tambayar SQL guda, ya bar sauran ginin yadda yake. Ma'aikata dubu 50, kowanne tambaya uku, an yi wa rumbu tambaya dubu 150 a inda ɗaya ta isa. Sai sabon tsari ya fi tsohon nawa, a ce ai dama an faɗa. Tirela ce aka saya ake kai buhu ɗaya-ɗaya da ita. Haka nan tsohuwar manhaja ta saba samun layuka a jere bisa lamba, shi kuwa rumbu ba ya alkawarin jeri sai an ce masa ya jera. Rahoto da yawa sun hargitse a kan wannan ɗan abu.

Saboda haka waɗanda suka ƙware a aikin ba sa yin sa dare ɗaya. Sukan fara da ƙidayar manhajoji: wacce ke karanta wane fayil, wacce ke rubutu a ciki. Su zauna da tsofaffin ma'aikata su rubuta dokokin da ke kansu. Su tsabtace bayanai tun suna tsohon gida. Sai su fara da rahotanni, waɗanda karatu kawai suke yi ba sa taɓa kuɗin kowa. A injunan IBM i akwai rangwame, domin tsohuwar manhaja da tambayar SQL suna iya shiga fayil ɗaya, don haka ana sauya manhajoji ɗaya bayan ɗaya ba tare da an rufe shago ba. Kafin a yanke igiya kuma, akan gudanar da tsarin biyu kafaɗa da kafaɗa na 'yan watanni, ana gwama sakamako har kobo. Ranar ƙaura ma ana barin ƙofar komawa a buɗe.

Abin da bankuna suka ɗanɗana

Bankin TSB na Birtaniya ya zama abin misali ga masu gaggawa. A Afrilun 2018 ya kwashe abokan hulɗarsa zuwa sabon tsari cikin hutun ƙarshen mako guda. Mutane kusan miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, wasu ma suka ga bayanan asusun da ba nasu ba. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a watan Satumba na shekarar, sannan a Disamban 2022 hukumomi suka ci bankin tarar sama da fam miliyan 48.

A nan gida, bankunan Najeriya sun sha irin wannan ƙaura tun garambawul ɗin 2005, lokacin da bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25, kowanne ya zo da salon lambar asusunsa. Daga baya Babban Banki ya kawo lambar asusu ta bai-ɗaya mai alƙalami goma, wato NUBAN, sannan a Fabrairun 2014 aka ƙaddamar da BVN, lamba ɗaya ga mutum ɗaya komai yawan asusunsa. Wannan shi ne tunanin Codd a aikace. A rabin ƙarshe na 2024 kuma manyan bankuna suka sauya manhajar da ke riƙe da asusu kusan a lokaci guda: Sterling ya koma tsarin da aka gina a gida, Zenith ya koma Flexcube na Oracle, GTBank ya koma Finacle. Abokan hulɗa sun yi kwanaki suna kokawa da kuɗin da suka maƙale. Ba duka waɗannan ƙaurace-ƙaurace ne daga fayil zuwa SQL ba, amma ciwon iri ɗaya ne.

Wanda ke Legas yana iya shiga reshe ya ɗaga murya. A ƙauyukan Kusada da Kankia kuwa, mai POS a ƙarƙashin lema shi ne banki. In an cire wa mai sayen hatsi kuɗi ba su shiga wa mai sayarwa ba, shi ake riƙewa, shi da bai san ana wata ƙaura a wani ɗakin injuna mai nisan kilomita ɗaruruwa ba. Abin da zai iya faɗa bai wuce a jira alat ba.

Tantancewar Katsina da rikicin suna

Jihar Katsina ta taɓa wannan aiki da hannunta. A 2025 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya karɓi rahoton kwamitin da ya tantance ma'aikatan ƙananan hukumomi 34 da hukumomin iliminsu ta hanyar ɗaukar bayanan jiki. An duba mutum sama da dubu 50, aka cire 3,488 daga jerin albashi bisa dalilai da suka haɗa da takardun bogi da sauya ranar haihuwa. Ribar da ta fi daɗewa ita ce haɗa ma'aikatan cikin rumbu ɗaya, maimakon jeri daban-daban a kowace sakatariya. Ma'aikatan Kankia da Kusada suna cikin waɗanda suka bi wannan layi.

Sai dai rumbu yana da wani rauni da ya fi shafar Bahaushe, wato suna. Mutum ɗaya ne Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a takardar ɗaukar aiki, Muhammad a banki, Mamman a unguwa. Abdullahi shi ne Audu. Wani ya sa sunan mahaifi a ƙarshe, wani ya sa sunan gari, garin ma wani ya rubuta Kankia wani Kankiya. Musa ɗan Ibrahim nawa ne a ƙaramar hukuma ɗaya? Haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ sukan zube a hanya. Dattawa da yawa an rubuta musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa, don kawai gurbin ba ya karɓar a bar shi fayau. Tsohon akawu ya san Mamman shi ne Muhammadu, domin tare suke sallar Juma'a. Rumbu mutum biyu yake gani, ko kuma ya haɗe mutum biyu su zama ɗaya.

Maganin da masana suka yarda da shi shi ne a daina dogaro da suna, a dogara da lamba. Wannan ne aikin lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ta hukumar NIMC. Tun da aka ba da umarnin haɗa ta da layin waya a Disamban 2020, hukumar JAMB kuma ta wajabta ta daga 2021, lambar ta zama ƙofar shiga kusan komai. Amma lambar ma a kan suna da ranar haihuwa aka gina ta. Ɗalibin da aka juya masa jerin sunaye ranar rajista, shi zai yi ta zirga-zirga tsakanin kotu don takardar rantsuwa da shagon kwamfuta, kuɗin mota na cin abin da iyayensa suka tara. Kuskuren minti ɗaya a bakin rumbu yana iya cin wata guda kafin a gyara.

Rajistar asibiti

A ɓangaren lafiya ƙaurar ta tsaya ne a tsakiyar hanya. Kankia na da babban asibiti da makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta Kankia Iro, wadda ɗalibanta ke cika ƙananan asibitocin yankin. A waɗannan ƙananan asibitoci har yanzu manyan rajistoci ake cikawa da biro: ta masu jinya, ta awon ciki, ta rigakafi. Ƙarshen wata ma'aikaci ya bi layi-layi yana ƙirgawa, ya cika takardar taƙaitawa, a kai wa jami'in ƙaramar hukuma, a shigar cikin DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe ke jagorantar ginawa, wadda Najeriya da ƙasashe da dama ke tattara alƙaluman lafiya da ita.

Daga Katsina ko Abuja ana iya tambayar rumbun yara nawa aka yi wa rigakafi a Kusada a watan jiya, amsa ta fito nan take. Amma jimilla ce ta hau sama, sunaye suna ƙasa. In ana son sanin wace uwa ce ta zo awo sau ɗaya ba ta dawo ba, ko wane yaro ne ya tsallake allura ta biyu, sai an koma rajista ana bin layi da yatsa, kamar mai taki da littafinsa. Tambayar da za ta ceci rai ita ce har yanzu ta fi wuyar amsawa. Kafin ta yi sauƙi kuwa sai an samu wutar da ba ta yankewa, da sabis mai ƙarfi, da ma'aikacin da ba shi kaɗai ke duba marasa lafiya yana kuma cika rajista biyar ba.

Inji ma yana kuskure

Akwai wani haɗari da ke zuwa bayan an yi nasara, shi ne a mayar da maganar inji hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara. Birtaniya ta koyi wannan da tsada. Daga 1999 zuwa 2015 an hukunta sama da mutum 900 masu kula da ƙananan gidajen waya bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, saboda manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu tana nuna giɓin kuɗi. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun talauce. Daga baya ta tabbata manhajar ce ke da kurakurai, har majalisar ƙasar ta yi doka a 2024 ta wanke su. Hukuma ta gaskata allo, ta ƙaryata mutanen da ke gabanta.

Dokar kare bayanan jama'a da aka sanya wa hannu a Najeriya a watan Yunin 2023 ta ba kowa damar neman ganin bayanan da aka ajiye a kansa da neman a gyara kuskure. Doka ce mai kyau, amma ba ta da amfani ga malamin firamaren wani ƙauye a Kusada in gyaran sai ya je Katsina sau uku.

Don haka abin da ya rage wa hukumomi a bayyane yake. Duk ofishin da zai bar tsohon tsari, ya fara zama da tsofaffin akawunsa ya rubuta abin da ke kansu kafin su tafi. A riƙe tsohon jeri da sabo tare har sai sun zo daidai wata bayan wata. A buɗe teburin gyara a kowace sakatariya, a sa masa wa'adi, kada a tsayar da albashin mutum a kan harafi ɗaya kafin a saurare shi. A kuma horar da 'ya'yan yankin su iya yi wa rumbu tambaya da kansu, domin SQL ba ya buƙatar babban inji, ana koyon tushensa a kan ƙaramar kwamfuta, kuma ofishin da ba shi da mai iya tambaya zai ci gaba da jiran ɗan kwangila ko da lissafin mutum goma ake so.

Kai kuma mai karatu, kada ka jira ranar tantancewa. Ɗauko takardar NIN ɗinka, da bayanan BVN, da takardar makaranta, da ta ɗaukar aiki in kana da ita, ka jera su a kan tabarma. Duba suna harafi-harafi, duba ranar haihuwa, ka duba na 'ya'yanka ma. In ka ga saɓani, je ka gyara tun layin bai yi tsawo ba.